Wai Da Gaske Masu Jin Kiɗan Metal Sun Fi Kowa Ƙwaƙwalwa? Ga Abin Da Masu Binciken Suka Gano

Yau za mu ɗan fita daga Kannywood da waƙoƙinmu na gida, mu leƙa wani kiɗa da yawancinmu idan muka ji shi a fim sai mu rage ƙarar waya. Turawa na ce masa heavy metal, wato "ƙarfe mai nauyi", mu dai za mu riƙa ce masa kiɗan metal. Shi ne wannan kiɗan mai jitar lantarki da ke kuka kamar injin markaɗe, ganguna kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, mawaƙin kuma yana ihu ko gurnani.

Kiɗan ya dawo bakin duniya a watan Yulin 2025. Ranar 5 ga wata ƙungiyar Black Sabbath ta yi wasan bankwana a filin ƙwallo na Villa Park da ke Birmingham a Ingila, inda mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya yi waƙa a zaune kan kujera saboda cutar karkarwar jiki da ta ci ƙarfinsa. Kwana 17 bayan nan, ranar 22 ga wata, ya mutu yana da shekara 76. Kuma duk lokacin da aka tayar da zancen metal sai wani ya jefo tsohuwar maganar nan: "Ai bincike ya tabbatar ƴan metal sun fi kowa basira." To wane bincike ne? Me ya ce takamaimai? Shi za mu warware yau, domin maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba kamar yadda ake yaɗa ta ba.

Inda kiɗan ya samo asali

Abin dariyar shi ne, waɗanda suka haifi kiɗan ba su da alaƙa da jami'a ko kaɗan. Ƴaƴan talakawa ne na unguwar Aston a Birmingham, garin masana'antu da hayaƙi. Ozzy ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, yana fama da lalurar nan da ke sa haruffa su riƙa cakuɗe wa mutum idan yana karatu. Ya yi aiki a mayanka, ya yi a kamfanin motoci, har gidan yari ya shiga na sati shida kan laifin fasa shago.

Mai jitarsu Tony Iommi kuwa, yana ɗan shekara 17 injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu a ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki. Maimakon ya haƙura da kiɗa, sai ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don kada ta riƙa yi masa ciwo. Sassautawar nan ta ƙara wa sautin kauri da duhu. Faifansu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970, kuma daga nan mutane da yawa ke fara lissafin tarihin metal. Ku riƙe labarin Iommi a ranku: yaron da ba shi da digiri, amma ya yi dabarar da ta canza kiɗan duniya.

Binciken da ya haifi maganar

Tushen zancen shi ne wani bincike da Stuart Cadwallader na Jami'ar Warwick a Ingila ya gabatar a 2007. Ya tambayi yara 1,057 ƴan wata cibiya ta ɗalibai masu hazaƙa, waɗanda ke cikin kashi 5 cikin 100 na sama a karatu, wane irin kiɗa suka fi so. Jaridu suka ɗauka da kanun labarai masu zafi, wai haziƙan yara metal suke ji.

Amma duba alƙaluman. Kiɗan rok ne ya zo na ɗaya. Waɗanda suka ce metal ne zaɓinsu na farko kashi 6 ne kacal cikin 100, sai kusan ɗaya bisa uku da suka sa shi cikin biyar ɗinsu na sama. Wato a cikin haziƙan yara 100, guda 94 wani kiɗan daban suka fi so. Sannan duk yaran da aka tambaya haziƙai ne, ba a haɗa da sauran yara an kwatanta ba. Kamar ka shiga ajin ƴan gifted ne ka tambayi masu son shinkafa da wake, ka samu wasu, sai ka fito kana shelar cewa shinkafa da wake na sa basira.

Abin da binciken ya gano na gaske ya fi kanun labaran daɗin ji. Yaran da ke son metal sun fi sauran ƙarancin yarda da kansu. Da aka zauna da 19 daga cikinsu ta intanet, sai suka bayyana cewa kiɗan suke amfani da shi su amayar da takaici: matsin karatu, nauyin da iyaye da malamai suka ɗora musu, da jin cewa su bare ne a cikin tsaransu. Yaron ya dawo gida ransa a jagule, ya rufe ɗaki, ya ƙure ƙara, ya yi tsalle-tsalle, ya fito zuciyarsa ta yi sanyi. Abin da yaran suka faɗa ke nan. Basirar da ma suna da abarsu, kiɗan wurin sauke kaya ne.

Sauran binciken da ake kafa hujja da su

Akwai wasu guda huɗu da ya kamata mai son wannan muhawara ya sani.

A 2003 Peter Rentfrow da Samuel Gosling a Jami'ar Texas sun kasa masu jin kiɗa gida huɗu. Sun tarar masu son kiɗa mai zafi da tawaye, wato rok da metal da danginsu, suna da son gwada sabon abu, suna ɗaukar kansu masu basira, kuma sun ɗan yi fice a gwajin iya harshe. Amma masu son kiɗan gargajiyar Turai irin na su Mozart da masu son jaz su ma sun yi ficen.

A 2008 Farfesa Adrian North na Jami'ar Heriot-Watt a Sikotilan ya tambayi mutum sama da 36,000 daga ƙasashe daban-daban. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, halin ƴan metal ya yi kama sosai da na masu jin su Mozart: mutane ne masu sanyin hali da son ƙirƙira. Wannan gwajin hali ne fa, ba a auna ƙwaƙwalwar kowa ba.

A 2015 David Greenberg da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge sun gwada mutum sama da 4,000. Sun ga masu son gane yadda abu ke aiki, irin masu kwance rediyo su mayar, sun fi karkata ga kiɗa mai ƙarfi da sarƙaƙiya kamar na Metallica. Masu saurin gane halin da zuciyar wani ke ciki kuma sun fi son kiɗa mai laushi. Salon tunani ne iri biyu, babu wanda aka ce ya fi wani.

Na huɗun shi ne wanda ƴan metal ba su cika son a ambata ba. A 2019 an wallafa wani bincike daga Kuroshiya kan ɗaliban sakandare 467, inda aka ba su gwajin basira na gaske. Waɗanda suka fi cin maki sun fi karkata ga kiɗan da babu murya a cikinsa, zallar kayan kiɗa. Ke nan idan ma kambun basira ake rabawa, ba a hannun metal ya faɗa ba.

Idan ka tara su duka, abin da ya rage ɗan kaɗan ne amma tabbatacce: ƴan metal ba dolaye ba ne kamar yadda aka daɗe ana zaginsu, kuma akwai wani irin mutum mai zurfin tunani da yawan tambaya da kiɗan ke ja. Daga nan zuwa "sun fi kowa ƙwaƙwalwa" akwai tafiya mai nisa.

Haɗuwar abu biyu ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya

A nan ne gizo ke saƙar. Da bazara cinikin ƙanƙara na tashi, ciwon sanƙarau ma na yawa. Babu mai hankalin da zai ce ƙanƙara ce ke kawo sanƙarau. Yanayin ne ya haɗa su. Haka zancen kiɗa da basira yake.

A 2009 wani ɗalibi a Amurka mai suna Virgil Griffith ya ɗauki mawaƙan da ɗaliban jami'o'i suka fi so a Facebook, ya jera su da makin jarrabawar shiga waɗannan jami'o'in. Beethoven ya fito can sama, Lil Wayne can ƙasa. Jadawalin ya zagaya duniya. Sai dai abin da ya nuna shi ne ƴaƴan wa ke shiga wace makaranta, wace unguwa suka taso, me iyayensu ke da shi. A Amurka kiɗa na bin launin fata da aljihu, makin jarrabawa ma haka. Cire Lil Wayne daga wayar yaro ba zai ƙara masa maki ko ɗaya ba.

Ƙasar Finlan ma misali ce. Ita ce ta fi kowace ƙasa yawan ƙungiyoyin metal idan aka auna da yawan jama'arta, kuma makarantunta sun yi suna a duniya. A 2016 Barack Obama ya yi raha da wannan a gaban shugabannin ƙasashen yankin, yana haɗa yawan ƴan metal ɗinsu da kyawun mulkinsu. Raha ce dai. Ƙasar da yara ke samun darasin kiɗa cikin sauƙi, akwai wuta, akwai ɗakin gwaji, akwai kuɗin sayen jita da amfilifaya, dole ta fitar da makaɗa da yawa, kuma arzikin nan ɗaya shi ne ya gina makarantun.

An taɓa yin irin wannan rawar kan da Mozart. A 1993 aka gwada ɗalibai 36 a Kalifoniya, aka sa musu kiɗansa na minti 10, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin juya siffofi a ka. Tasirin bai wuce kamar minti 15 ba ya ɓace. Duk da haka a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 don a riƙa ba kowane jariri faifan irin wannan kiɗa. Daga baya aka duba sakamakon yara sama da 8,000 a Birtaniya, sai ga shi waɗanda suka ji waƙoƙin zamani, ciki har da na ƙungiyar Blur, sun fi waɗanda suka ji Mozart ƙoƙari. Bayanin mai sauƙi ne: duk kiɗan da ya faranta maka rai ya wartsakar da kai, za ka ɗan fi kuzari na ɗan lokaci. Ko Hamisu Breaker ne, ko Metallica.

To me ke jan masu tunani zuwa gare shi?

Adalci shi ne a faɗi abin da kiɗan ke da shi. Na farko, yana da wuyar kaɗawa. Mai jitar metal na kwashe shekaru yana gwaji, kuma da yawansu daga kiɗan gargajiyar Turai suka sha: Randy Rhoads da ya yi wa Ozzy kiɗa ya koyi wannan salon, Yngwie Malmsteen na Suwidin kuma magogin Italiya Paganini ya ɗauka a matsayin gwani. A 1999 Metallica ta yi wasa tare da babbar ƙungiyar makaɗan gargajiya ta San Francisco, abin ya zauna daram.

Na biyu, jigon waƙoƙin. Yawancin waƙoƙin zamani soyayya ce da rawa, su kuwa ƴan metal sun fi taɓo yaƙi, mutuwa, tarihi, zalunci da haukar mulki. Iron Maiden na da waƙa kan wani gumurzu na yaƙin Kirimiya a 1854, da wata mai tsawon minti 13 da aka gina kan tsohuwar rubutacciyar waƙar Ingilishi. Waƙar "One" ta Metallica labarin sojan da yaƙi ya raba da hannuwa, ƙafafu, ido da baki ne, kuma bidiyonta ya ɗauko sassan fim ɗin Johnny Got His Gun na 1971. Ƙungiyar Sabaton ta Suwidin kusan duk waƙoƙinta tarihin yaƙe-yaƙe ne. Yaron da ke son karatu zai ji waƙa ya tafi neman littafin.

Na uku, mutanen cikinsa. Bruce Dickinson na Iron Maiden ya yi digiri a fannin tarihi a Landan, kuma matuƙin jirgin sama ne na gaske, a baya shi ya riƙa tuƙa jirgin Boeing ɗin da ya yi yawo da ƙungiyar. Tom Morello, wanda mahaifinsa ɗan Kenya ne, kuma shi ya tsara wasan bankwanan Black Sabbath, a Harvard ya yi karatu. Amma kada mu manta Ozzy da Iommi, iyayen tafiyar, ko sakandare ba su yi nisa a cikinta ba. Kiɗan ya ɗauki mai digiri, ya ɗauki lebura.

Game da fushi kuwa, a 2015 Leah Sharman da Genevieve Dingle na Jami'ar Queensland a Ostireliya sun tara masoyan irin wannan kiɗa 39. Aka sa kowa ya yi minti 16 yana tuna abubuwan da suka ɓata masa rai, sannan wasu suka ji kiɗan da suka zaɓa na minti 10, wasu suka zauna shiru. Kiɗan bai ƙara musu fushi ba, sai ma suka ce sun ji ƙarfin gwiwa ya dawo. Mutum 39 ba su da yawa, kuma dukkansu da ma masoyan kiɗan ne, don haka ba magani ba ne da za a rubuta wa kowa. Amma ya yi daidai da abin da yaran Warwick suka faɗa shekara takwas kafin nan.

Me ya sa maganar ke da nauyi

Za ka ce to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan kiɗa? Dalilin da ya sa ƴan metal suka rungumi binciken 2007 hannu bibbiyu shi ne sun sha wuya a baya. A 1985 majalisar dattawan Amurka ta zauna kan kalmomin waƙoƙi, metal na gaba-gaba cikin waɗanda ake tuhuma. A 1990 aka maka ƙungiyar Judas Priest a kotu a jihar Nebada, ana zargin wai saƙon ɓoye a faifansu ne ya sa wasu samari biyu suka harbi kansu. Alƙali ya wanke ƙungiyar.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a West Memphis, jihar Arkansas. A 1993 aka kashe yara uku ƴan shekara takwas. Aka kama samari uku, aka kawo baƙaƙen kayan da suke sawa da kiɗan Metallica da suke ji cikin hujjojin cewa matsafa ne. Aka yanke wa ɗaya hukuncin kisa, biyu ɗaurin rai-da-rai. Sai a 2011, bayan shekara 18, aka sake su ta wata yarjejeniya da ta bar su suna cewa ba su aikata ba, bayan gwajin ƙwayar halitta bai haɗa su da wurin kisan ba. Masu son fim ku nemi Paradise Lost na 1996, shi ya tona yadda shari'ar ta gudana. A nahiyarmu ma an yi: a 1997 an kama gomman matasa ƴan metal a Masar, a 2003 kotu a Kasabalanka ta Maroko ta ɗaure 14, sai da jama'a suka yi ca aka sassauta.

Wannan ba yana nufin kiɗan fes yake ba. Akwai ƙungiyoyin da ke wasa da alamun shaiɗan, akwai masu zagin addini kai tsaye, akwai masu wariyar launin fata. A Norwe a farkon shekarun 1990 wasu ƴan wani reshe na metal sun ƙona coci-coci, ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, ya kashe abokin kiɗansa a 1993 aka ɗaure shi shekara 21. Duk mai kishin addininsa yana da cikakken dalilin tace abin da zai shiga kunnensa, kuma wanda bai jin Turanci sosai ya fi kowa buƙatar bincika ma'anar waƙa kafin ya haddace ta. Sai dai reshe ɗaya ba shi ne bishiya ba. A Indonesiya akwai Voice of Baceprot, ƴan mata uku masu hijabi daga Garut da suka haɗu a makarantar Islamiyya a 2014, suna waƙa kan ilimi da haƙƙin mata da muhalli, kuma a 2024 suka zama ƙungiya ta farko daga ƙasarsu da ta hau dandalin bikin Glastonbury a Ingila. Shi ma metal ne.

Abin da ya shafe mu

A da an ce mai jin metal daƙiƙi ne kuma mugu. Yanzu an juya an ce haziƙi ne. Duka maganganun biyu ma'auni ɗaya suka ɗauka: a leƙa wayar mutum a yanke hukunci kan ƙwaƙwalwarsa da tarbiyyarsa. Mu ma mun san wannan ma'aunin sarai. Yaro ya sa waƙar hip-hop ta Hausa an ce ɗan iska ne, yarinya ta bi waƙar fim an ce ba ta da kamun kai, wani kuma don yana jin waƙar Turanci sai ya riƙa yi wa mai jin Shata ko Ɗankwairo kallon baƙauye, alhali zurfin Hausar da ke cikin waƙoƙinsu sai an zauna da manya ake warware ta.

Darasin da ya fi amfani a binciken Warwick na iyaye ne da yayye. Idan ƙaninka mai ƙoƙari a makaranta ya koma rufe ɗaki yana jin kiɗa mai hayaniya, kafin ka fasa wayar, zauna ka tambaye shi me ke cin ransa. Yaran nan 19 matsi suka ce yana damunsu, kiɗan kuma shi ne abin da suka samu a kusa.

Wanda ke son ɗanɗana jita mai zafi ba tare da ya yi nisa da gida ba, ya nemi faifan Afrique Victime na Mdou Moctar ɗan Nijar da ya fito a 2021. Ba metal ba ne, rok ne na Abzinawa, amma zai nuna maka abin da jitar lantarki ke iya yi a hannun gwani. A Togo akwai Arka'n Asrafokor da ke haɗa metal da gangunan gargajiya, a Botsuwana kuma akwai Overthrust da Skinflint.

Ku fa, akwai wanda aka taɓa yi wa hukunci saboda waƙar da aka ji yana saurare? Wace waƙa ce ke sauke muku fushi idan rai ya ɓaci? Muna jiran ji daga gare ku. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.